Naman Kazan Alhaji Milano

Duk unguwar Parkchester babu mai sanin abinci kamar Mashud, wanda ake kira Alhaji Milano. Bai taɓa taka ƙasar Italiya ba, amma ya daɗe yana ajiye motocin baƙi a ƙofar wani gidan cin abincin Italiyawa a Manhattan, kuma ilimi, kamar yadda yake faɗa, ta hanci yake shiga.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan Zango mazauna unguwar ya matso, abokin takararsa Fataw ya yanka rago. Alhaji Milano ya yi murmushin tausayi. Shi da kansa ya hau jirgin ƙasa ya sayo farin tirafil, wani naman kaza da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, wanda masu kuɗi ke kankarewa a kan abinci. Girmansa bai fi ƙwan zabo ba, kamanninsa na dankalin da ya sha wahala. Da ya buɗe kwalbar da aka sako shi a ciki, matarsa Khadijatu ta ruga kicin duba ko gas ne ke yoyo.

Ranar Lahadi dattawa masu zaɓe suka cika falo, Baba Abukari a gaba. Aka kawo shinkafa da wake. Alhaji ya sa farar safar hannu, ya bi faranti ɗaya bayan ɗaya yana kankara musu sirara-sirara, yana lumshe ido. Dattawa suka yi bisimilla. Ƙamshin kamar tafarnuwa, kamar daddawa, har Baba Abukari ya gyaɗa kai. Da Alhaji ya yi shiru a nan, da ya ci zaɓe. Amma mai ilimi ba ya rowa.

"Iyayena," in ji shi, "abin da ke bakinku ba a noma shi. Ɗan Adam ma ba ya iya gano inda yake. Kare ne, kare mai horo, ke shinshino shi a daji, ya tono shi da ƙafa da baki."

Cokula suka tsaya.

"Wannan ma ci gaba ne. Da can alade ake sawa."

Baba Abukari ya ajiye cokali a hankali. "Ɗana, an dai wanke shi ko?"

"Haba Baba! Wanke tirafil? Ai ƙamshin zai gudu. Ɗan buroshi kawai ake goga masa."

Ba a taɓa ganin dattawa sun yi layin banɗaki da sauri haka ba. Buta ta yi ta zagayawa, kurkurar baki har maƙwabta na ji. Daga nan suka zarce gidan Fataw, inda kowa ya san wanda ya yanka ragon.

Bayan zaɓe Alhaji ya bayyana wa Khadijatu cewa jama'a ba su kai matsayinsa ba tukuna. Ta yarda da shi ƙwarai. Shi ya sa ma ta ware masa farantinsa da cokalinsa, tana ajiye su can ƙarƙashin wurin wanke-wanke.