Shayin Furofesa da Furen Surukarsa

"Ni da na karanta shafi goma sha ɗaya a kan takin zamani, ai ba za a koya min ban-ruwa ba."

Haka maƙwabcina ya faɗa ta kan katanga, ranar da matarsa za ta tafi wajen 'yarsu ta yi wata guda. Furofesa muke kiransa, ko da yake iyakar sanina, a sito ya yi aiki har ya yi ritaya yana ƙirga kujeru. Amana ɗaya ta bar masa: itacen wardi mai farin fure, wanda marigayiya mahaifiyarta ta dasa da hannunta.

"Ruwa kawai, Malam," in ji ta. "Gwangwani biyu da safe. Kada ka ƙara masa ilimi."

Motar ba ta sha kwana ba ya ƙara masa ilimi. Ya sayo buhun alfalfa, wata busasshiyar ciyawa da masu zomo ke ba dabbobinsu, ya ce idan aka jiƙa ta ruwan ya zama shayin tsirrai. Wannan gaskiya ne. Masu yi sukan zuba tafi biyu a bokiti, su rufe sama-sama, su riƙa motsawa kwana uku, sannan su sirka da ruwa. Furofesa ya juye buhun gaba ɗaya cikin durom, ya cika shi da ruwa, ya murɗe marfi, ya ɗora bulo biyu, ya aje a rana.

"Kwana uku fa aka ce," na tuna masa.

"Wannan na ragwaye ne. Nawa sati biyu zai yi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Dutse ba ya kumbura, Furofesa."

Durom kuwa ya kumbura. A kwana na goma cikinsa ya fi na mai shi. Ranar da ya zo buɗewa ya gayyace ni shaida, na ce daga nan ma ina gani. Ya ɗaga bulo, ya taɓa marfi, marfin ya tafi rufin kwanon ɗakin girki ba sallama. Abin da ya biyo baya ba zan kira shi wari ba, don kada in rage masa daraja. Mai wanki na bayan layi ya kwashe shanyarsa, tela ya rufe shago ya ce an yi masa rasuwa, ƙudaje kuwa suka zo da danginsu na nesa.

Furofesa ya share koren ruwa daga gira, ya ce, "Ƙarfin kenan kake ji."

"Ina ji sosai. Za ka sirka?"

"A sirka magani? Haba maƙwabci."

Ya ɗura wa wardi bokiti huɗu tsagwaronsa, ya kuma jibge dusar ciyawar a gindinsa har ta rufe shi. Kashegari ganye ya yi ruwan ɗorawa, ya ce canza kaya yake yi. Jibi ganyen ya zube, ya ce hutu yake ɗauka. Ran gata tumakin mai nama suka ji ƙanshin abincinsu, suka shigo ta ƙofar da aka bari buɗe don iska, suka cinye dusar, suka haɗa da abin da ya rage na amanar. Sanda ɗaya ta tsira, ita ma don ƙayarta.

Ana gobe matar za ta dawo, na gan shi ya shigo da wani abu a lulluɓe da zanen gado. Ban tambaya ba. Maƙwabci nagari ido gare shi, ba baki.

Ta iso, ta aje jaka, ta wuce tsakar gida. Ga wardi tsaye, fure bakwai, ja wur.

"Malam, na Inna fari ne."

"To ai shi ne aikin shayin. Jini ya ƙara masa."

"Ya kuma rage tsawo."

"Ƙasa ƙarfin ya koma. Ba za ki gane ba, sai kin karanta."

Ta durƙusa, ta kama gindin da yatsa biyu, ta ɗan ja. Itacen ya taso gaba ɗaya cikin ladabi, da baƙar ledar masu sayar da furanni, da 'yar takardar farashi tana lilo. Mutumin shafi goma sha ɗaya bai kai shafin da aka ce a cire leda ba.

"Lallai shayi ya yi aiki," in ji ta. "Har leda ya tsirar."

Sannan ta ɗago kai wajen katanga, inda nake gyaran wata igiya da ba ta lalace ba.

"Maƙwabci, ka ce wa matarka ta miƙo min reshen da na ba ta ajiya."

Aka miƙo gwangwani, reshe ya kama har da sabon toho. Furofesa ya dube shi, ya dubi matarsa.

"Ashe dama ba ki yarda da ni ba?"

"Shekara talatin muna tare, Malam, yaya ba zan yarda da kai ba? Shi ya sa na yanka biyu. Ɗayan yana wajen tela."