Jelin Abarbar Amaryar Yaya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da amaryar yayana ta kama girki a gidanmu na Takur. A al'adar gidan, abincin farko na amarya zaure ake kai wa, mahaifinmu Malam ya ci tare da abokansa, su sa albarka. Da wannan albarkar ake auna matsayinta a wurin dangi. Amaryar, Anti Rabi, ta aiko da shayi da burodi, da wani kwanon gilashi cike da jelin abarba, ruwan ɗorawa, yana rawa idan an taɓa shi.

Ni kuwa ban daɗe da kammala digiri a fannin abinci mai gina jiki ba. Mutanen unguwa suna kira na Likita (nakan gyara musu, har suka fara kiran don su ji gyaran). Ina da wata cuta: ba na iya faɗin magana sai na haɗa ta da duk togaciyarta, don tsoron kada a kama ni da kuskure.

Cikin baƙin akwai Alaramma, aminin Malam daga Jahun, wanda ke fama da ciwon suga. Ya ɗaga yankan burodinsa ya ce, "Likita, wannan abu mai santsi ya dace da irinmu?"

Amsar ba ta wuce a ce, "Allah gafarta Malam, a ɗanɗana kawai, suga ya yi yawa." Amma na gyara zama. Na bayyana cewa mafi yawan abin da ke cikin jeli sukari ne. Cewa tafasawa tana rage bitamin ɗin abarba. Cewa an tace an zubar da tuƙar, wadda ita ke taimakon ciki. Duk wannan gaskiya ne, kuma suna ji suna ci. Sai son cika bayani ya ja ni na ƙara da cewa wasu nau'o'in jeli da jelatin ake daskarar da su, shi kuma daga ƙashi da fatar dabbobi ake samo shi, a wasu ƙasashe har da ta alade.

Taunar kowa ta tsaya. Malam ya ajiye cokali a hankali.

"Wannan na gabanmu fa?"

"Ba zan iya tabbatarwa ba, Malam," na ce. (A lokacin har alfahari na ji da wannan amsa, don ba ƙarya a cikinta.)

Aka fara miƙa buta daga hannu zuwa hannu, dattawa suna fita ƙofar zaure suna kurkure baki. Malam ya sa aka mayar da kwanon cikin gida. Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da ake nufi idan abincin amarya ya dawo daga zaure: an hana ta albarka ke nan.

Yaya ya kama hannuna, ya kai ni har ƙofar madafa. Anti Rabi na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, kwanon a gabanta, mata sun kewaye ta.

"Ƙanin miji," ta ce, tana son ta mai da abin wasa, "an ce ka gano alade a tukunyata. Ruwan abarba ne da suga, sai 'ya'yan lemon tsami da ɓawonsa da na ƙulla a ƙyalle na tafasa tare, su ne suka kama shi. Wanne ne aladen a ciki?"

Na san wannan hanyar sarai. Na ma taɓa amsa tambaya a kanta a jarrabawa. Abin da ban yi ba shi ne leƙowa in tambaye ta kafin in buɗe baki.

Ni na ɗauki kwanon na mayar zaure, na durƙusa na warware maganata. Malam ya dube ni ya ce:

"Kai ka ɓata, kai za ka fara ci. Sannan ka koma ka gaya wa 'yata, a gaban matan da suka ga an mayar, cewa na ce Allah Ya yi mata albarka."

Na ci, na koma, na faɗa. Anti ta amsa da amin, ta kuma sa na maimaita, wai na bayan ba su ji ba.

Tun daga ranar na gane cewa "ban tabbata ba" ba kullum take zama tsantseni ba. Idan mai amsar tana zaune a bayan katanga, lalaci ne kawai ya sa rawani.