Yadda Ake Ceton Gona Ba Tare da An Ɓata Takalmi Ba

Kai da ka gama jami'a, ka yi bautar ƙasa, ka dawo kana zaman kashe wando a bakin shagon mai cajin waya, matso nan. Zan koya maka yadda ake kafa ƙungiyar kare ƙasar noma, a horar da jama'a, a haɗa gwiwa da sauran ƙungiyoyi, har a kai kuka wurin manya, ba tare da hannunka ya san ƙotar fartanya ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jero su, ba da jimawa ba za ka ajiye tumbi, a fara kiranka Kwamared. Hanyar gwadaddiya ce. Abdulrashid, ɗan wani ƙauye da ke gefen Makoɗa, ita ya bi, kuma da shi zan riƙa yi maka misali, don bawan Allahn nan ko mataki ɗaya bai tsallake ba.

Mataki na ɗaya: Nemi kwazazzabo

Ƙungiyar da ba ta da kwazazzabo ba ta fara ba. Ka nemi wurin da ruwa ya soma cin gona, kuma ya kasance gonar tana da mai ita wanda fuskarsa ke ba da tausayi. Tsoho ya yi, tsohuwa ta fi.

Abdulrashid bai sha wahalar nema ba. Gwaggonsa Hure, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, tana da gona ɗaya tal a bayan gari, ruwa kuma ya fara yi mata rami ta gefen gabas. Ka dai san ƙasarmu, gona a jikin gona take, babu wani fili da za a ce wa mutum ya matsa can. Wanda tasa ta tafi, ta tafi ke nan. A gonar nan Hure ke samun geron da take ci, da gyaɗar da take matse mai ta yi ƙuli-ƙulin sayarwa.

A lokacin ramin bai fi a tsallake shi da ƙafa ba. Abdulrashid ya sha shadda ya je da waya a hannu.

"Gwaggo, tsaya daga nan bakin. Yawwa. Daina dariyar."

"Kai ɗan nema, da wannan zanin aikin za ka ɗauke ni? Bari in canjo."

"Shi ake so, Gwaggo."

Ka lura bai shiga cikin kunya ba, daga kan hanya ya ɗauka. Wayoyin yanzu suna jawo abu daga nesa.

Mataki na biyu: Raɗa suna

Sunan ya yi tsawon da mai karantawa zai tsaya ya yi numfashi a tsakiya. Na Abdulrashid shi ne Ƙungiyar Matasa Masu Rajin Ceto Ƙasar Noma da Muhalli Mai Ɗorewa ta Arewacin Kano. Kada ka manta da "mai ɗorewa", masu ba da tallafi in ba su gan ta ba ba sa iya barci. Ka kama shago a birni, allon ya fi ƙofar girma. Shi ke nan, wuce gaba.

Mataki na uku: Tare gayya tun ba ta tashi ba

Nan ne wurin da sababbin shiga ke faɗuwa, don haka buɗe kunne. Babban abokin gabarka ba ruwan sama ba ne, mutanen gari ne. Mutanen ƙauye suna da wata muguwar ɗabi'a, in abu ya lalace sai su taru su gyara ba tare da sun sanar da kowa ba.

Da bazara ta kama, Malam Khalilu, Sarkin Noman ƙauyen, ya sa aka yi shelar gayya a gonar Hure. Za a jibga duwatsu da buhunan yashi a kan ramin, a dasa gamba a gefe ta riƙe ƙasa, a gama kafin ruwan fari ya sauka kowa ya koma tasa gonar. An gaya wa makaɗa, masu amalanke sun amsa. Hure ta jiƙa gero ta daka fura mai yawa.

Labari ya iske Abdulrashid a birni. Baƙi masu tallafin da zai nuna wa ramin ba su zo ba tukuna, ga waɗannan mutane za su binne masa jari da rana tsaka. Bai ko tsaya cin abinci ba ya hau motar Makoɗa.

Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Sarkin Noma, don ladabi ba ya cin ko sisi. Sannan ya ce, "Baba, a dakata da gayyar nan. Aikin ƙwararru ne. Siminti za a zuba, da magudanar ruwa irin ta birni. In kuka taɓa wurin, masu tallafi za su ce ai babu matsala, su juya."

Malam Khalilu ya dubi gabas ya ce, "Yaro, hadari fa ya soma leƙowa. In aka yi shuka ba ni da mutum ko ɗaya."

"Kafin nan mun gama, Baba."

Hure ce ta raba gardamar. Ta ce, "A bar shi, Sarkin Noma. Ni na goye shi, ba zai cuce ni ba." Ranar da aka sa za a yi gayyar, gida-gida ta bi tana rabon fura don kada ta yi tsami, tana gaya wa mata ɗanta zai kawo siminti, murna fal cikinta.

Ka riƙe wannan: a duk cikin kayan aikin ƙungiya babu mai amfani kamar dangin da ya yarda da kai.

Mataki na huɗu: Kira taron bita

Kada ka kuskura ka yi bita a inda matsalar take, akwai rana da ƙudaje. Otal za ka kama a birni, mai na'urar sanyaya ɗaki. Abdulrashid ya cika bas da manoman ƙauyen, aka zaunar da su a kujeru masu farin ƙyalle, wani ƙwararre ya haska musu hotunan ƙanƙara tana narkewa a wata ƙasa da ko sunanta ba su iya maimaitawa ba. Sanyi ya kama Malam Khalilu, ya naɗe ƙafafu cikin riga ya yi ta gyangyaɗi. Da aka farkar da shi aka ce ya faɗi abin da ya ƙaru da shi, sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Aka tafa.

Hure ba ta samu wuri a bas ba, amma hotonta na nan a bango, ya kai tsayin mutum.

Da aka tashi, kowa ya karɓi robar shinkafa da cinyar kaza, da riga mai tambarin ƙungiya, da ambulan na kuɗin mota. Kada ka yi ƙyashin wannan ambulan. Shi ne ainihin darasin, kuma shi kaɗai suka tafi da shi gida: ashe zaizayar ƙasa abu ce da ake biyan mutum in ya zauna ya ji labarinta.

Mataki na biyar: Haɗa gwiwa

Masu tallafi suna son su ji an ce gamayya. Ka nemo 'yan'uwanka masu irin sana'ar. Abdulrashid ya samo Hajiya Safiyatu mai ƙungiyar mata manoma daga Minjibir, wadda rabonta da gona tun tana 'yar firamare, da Najib mai ƙungiyar masu noman rani ta wajen Watari.

Zaman farko a kan tambarin wa zai zo farko a jikin ƙyalle aka yi shi. Na biyu a kan wa zai zama shugaba. A na uku Hajiya Safiyatu ta buga tebur ta ce Hure mace ce, saboda haka a ƙarƙashin ƙungiyarta take. Najib ya ce ruwa ne ya yi ramin, harkar ruwa kuwa tasa ce. Abdulrashid ya miƙe ya ce gwaggonsa ce, wanda yake son kwazazzabo ya je ya nemo tasa gwaggon. Aka kafa kwamiti, aka buɗe zauren WhatsApp, aka shiga tura wa juna barka da Juma'a.

Ana cikin haka ruwan fari ya sauka, aka yi shuka. Hure ta ari wayar maƙwabta ta kira shi.

"Abdulrashid, ramin nan ya cinye kunyoyin gabas. Ina simintin?"

Ya rufe baki da hannu ya yi ƙasa da murya. "Gwaggo, wallahi yanzu haka mitin muke yi a kanki."

Ka ga bai yi ƙarya ba. Ɗan ƙungiya na gari ba ya ƙarya in gaskiya za ta iya yin aikin.

Mataki na shida: Kai kuka wurin manya

Ka ɗinka sabuwar riga, ka sa a sassaƙa lambar yabo. E, kai ne mai kuka, amma kai za ka ba da lambar, haka tsarin yake. Gamayyar su Abdulrashid ta je ofishin wani babban mutum mai labule mai nauyi, suka wuni a ɗakin jira, ya fito yana duba agogo, suka naɗa shi Garkuwan Muhalli. Ya ce za a duba. Aka yi hoto, Najib ya ture Hajiya da kafaɗa don ya tsaya kusa da shi.

Daga nan sai gidan rediyo. Abdulrashid ya yi magana har muryarsa na rawa, ya ce duk wanda ya ga halin da Hure ke ciki bai zubar da hawaye ba, a duba imaninsa. Mutanen ƙauye sun ji shirin. Ita Hure a bakin mata ta ji, don lokacin tana can tana jidar duwatsu a cikin tasa, ita kaɗai, tana zubawa a ramin da yanzu ya fi ƙarfin tsallake.

Mataki na bakwai: In an matsa maka, ka sakar musu abinsu

Da damina ta yi tsakiya, Malam Khalilu ya gaji. Ya bar nomansa ya shiga mota har shagon Abdulrashid, ya ƙi zama a kujera. Ya ce, "Ko ka kawo simintinka, ko ka sake mu."

Kada ka ji tsoro in haka ta same ka, akwai maganar da aka tanada. Abdulrashid ya ce, "Baba, ai dama burinmu ke nan, al'umma ta mallaki aikin da kanta." Baƙi sun riga sun zo sun gani, sun tausaya, sun koma.

Sarkin Noma ya koma ya sa aka sake shelar gayya. To, ciyawa ta taso wa kowa a gonarsa, wa zai bar tasa? Waɗanda suka leƙo kuwa, sanye da rigunan ƙungiya, tambayarsu ɗaya: akwai kuɗin mota? Malam Khalilu ya ce wace mota, gonar da ake hangowa daga masallaci? Suka ce to ko shinkafa? Ya ce fura ce, kamar yadda aka saba tun kakanninku. Suka ce za su je su dawo. Tsofaffi ne 'yan ƙalilan suka tsaya, suka yi abin da ƙarfinsu ya kai, baƙin ciki ya hana Sarkin Noma ko sallamar su.

Wata Laraba da la'asar aka yi ruwan Agusta irin mai tafiya da katanga. Geron Hure ya riga ya fitar da kai. Tana tsaye daga kan hanya, da buhu a ka, gonar ta riƙa ɓallewa tana faɗawa ramin da geron a tsaye a kanta. Abin da ya rage bai kai a ɗaure akuya ta yi kiwo ba.

Mataki na takwas: Je ka yi jaje

Yanzu kwazazzabonka ya girma, ya isa a nemi tallafin shekaru da shi, har Najib ya kira yana taya murna. Amma kada ka manta zumunci. Abdulrashid ya bari ƙura ta lafa, bayan kaka ya sayi lemo da sabulu ya tafi a sabuwar motar ƙungiya. Ya iske gwaggonsa tana ɗaure kaya. Za ta bi matan da ke zuwa Watari ƙwadagon tsinkar tumatir a gonakin mutane, da tsufanta.

Ya shirya wa zagi, har ya tanadi amsa a hanya. Ba ta zage shi ba. Ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi, ta gyara mayafi, ta koma can nesa ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. An zo lafiya? Daga wace ƙungiya?"

"Gwaggo, ni ne fa."

"Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Allah ya mai da ku gida lafiya."

Ya zauna da ledar lemo a cinya, kunya ta rufe shi, har mai motar Watari ya yi oda a waje. Ta ɗauki ƙullinta ta fita, ta ce wa maƙwabciya in baƙon ya tashi a ja mata ƙofa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin tumbi da suna, kuma ya cika. Ba ruwansa da gonar kowa, ko gayyar da ta mutu a garinku, ko abin da za a tambaye ka ranar da babu mai karɓar rahoto. Wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa, kada ya zo mini ƙofar gida. Shi kansa Abdulrashid ya tare ni kwanan baya, ido ya yi ja, yana tambayar wane mataki ake bi tsohuwa ta sake kiran mutum da sunansa. Na gaya masa gaskiya, ba a shirya bitar wannan ba tukuna.