Ranar da na yi wa mura hayaƙin barkono

Wata huɗu na yi a gidan haya a Ƙofar Ran, iyalina suna can Zungur, ba wanda ya taɓa kiran sunana. Sallama kawai nake yi, a amsa, in shige ɗaki.

Sai mura ta kama ni, hanci ya toshe. Ba mai yi min farfesu, amma na san barkono yana buɗe hanci. Na yi tunani irin na masu ilimi: idan cinsa yana magani, ai shaƙar hayaƙinsa zai fi sauri. Na zuba garwashi a kasko, na watsa dakakken jan barkono cike da tafin hannu. Har da bismillah.

Ban kai ga lulluɓa da bargo ba na fito tsakar gida da rarrafe, hayaƙin yana biye da ni. Nan take gida ya kaure da tari. Hajiya mai gidan ta katse sallar la'asar, ta fito tana hawaye.

"Malam, aljanu kake kora ko mu?"

"Mura ce, Hajiya."

"Ba ka da baki ne? Da ka faɗa ai da na dafa maka citta da kanumfari!"

Hancin dai ya buɗe, ba zan yi wa barkono ƙarya ba. Har yau ba mai kiran sunana. Amma duk yamma, da na yi sallama, matan gidan sai su hau tarin ƙarya suna dariya. Ni kuwa nakan ɗan rage sauri kafin in kai ɗaki.