Modem ɗin da Kawu ya gyara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa Kawu ya taso tun daga Gulma don ya ga wayewata ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Birnin Kebbi, ina haya a Gesse, kuma na sayi modem, ɗan abin nan mai kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta ta kamo intanet. Kwanansa biyu a hannuna ban ko gwada shi ba, amma duk dangi sun sha labari.

Sakamakon jarrabawar 'yarsa Hadiza ne ya fito, wanda zai nuna ko za ta samu shiga makarantar koyon jinya. Kawu ya yi niyyar dubawa a shagon intanet a Argungu, na hana shi. Na ce wahala ta ƙare, komai yana ɗakina.

Ya iso da hantsi. Na soka modem, na danna, shiru. Na matsa bakin taga, shiru. Na fito tsakar gida na hau kujera na ɗaga kwamfuta sama. Har murfin tukunya na sa matata ta kawo na kara a bayan modem ɗin (wani abokin aikina ne ya ce yana jawo sabis, ni kuma na hau na zauna). Na yi ta zuba wa Kawu bayani a kan hadari da nisan ƙarfen sabis, har da ɗan Turanci. Shi dai yana kan tabarma, takardar lambar jarrabawar Hadiza ta jiƙe da gumi a hannunsa.

Bayan azahar ya ce, "Ɗana, miƙo man wanga abu in gani. Mu dai in injin ban-ruwa ya ƙi tashi, tanki muka fara buɗewa."

Na miƙa masa ina murmushin tausayi, don mutumin bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya juya shi sau biyu, ya sa farce ya ɓalle murfin.

"To, mi aka sawa cikin wanga ɗan rami?"

Ramin layin waya ne, kuma wayam yake. Layin yana can cikin kwalin modem ɗin, ko cire shi daga jikin katinsa ban yi ba. Matata ta karɓi murfin tukunyarta ta shige kicin, ina jin dariyarta tana ƙoƙarin mayar da ita tari. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse.

Na sa layi, shafin sakamakon ya buɗe da ƙyar, Hadiza ta ci. Kawu ya yi hamdala, ya naɗe takardarsa, ya ce, "Allah shi ƙara ilimi." Har yau ban san ko addu'a ce ko ba'a ba.

Tun daga ranar, duk abin da ya ƙi aiki a hannuna sai na leƙa cikinsa kafin in buɗe baki, musamman idan akwai baƙo a gidan.