Tasar Sukarin Mma

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a unguwarmu ta Nima, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara buga wasan kurket gaban jama'a ba, don saura ƙiris ranar in kashe wa mahaifiyata sana'a.

Ina aji uku lokacin, a wata sakandare da ke wajen Kokomlemle. Wani malamin lissafi ɗan Indiya, da muke kira Masta kawai, shi ya kawo mana wasan. Ni ba son wasan ne ya kai ni ba, fararen kayan ne. Farar riga, farin wando, farin kambas, mutum ya ratso lungunan Nima yana tsallake kwata kamar sabon likita. (Har yau ban gama gane dokokin wasan ba, kada ma wani ya tambaye ni.)

Ƙwallon kurket dutse ne aka yi wa rigar fata. Saboda haka mai riƙe sanda sai ya yi shiri: kushin da ake ɗaurawa daga idon sawu zuwa saman gwiwa, safar hannu mai kauri, sai wani ɗan ƙoƙon roba mai tauri da ake cusawa cikin kamfai ya tsare wa namiji zuriyarsa. Bokis ake ce masa. Hular kwano ba mu taɓa ganinta ba, kai dai Allah ke tsare shi. Amma a kan bokis Masta ba ya wasa. Kafin ka shiga fili sai ka tsaya gabansa ka ƙwanƙwasa wurin da hannunka, in bai ji ƙara ba ka koma benci.

To, bokis biyu ne kacal a makarantar. Wanda aka fitar daga wasa zai zaro nasa ya miƙa wa na gaba, da ɗuminsa. Ni kuma a jerinmu Issaka nake bi, wani ƙato ɗan layinmu da ko a inuwa yake zaune gumi yake yi. Lokacin kuwa ina ji da kaina kan tsarki, har Ustaz ake ce mini a aji, ina jin daɗi. Na rantse a zuciyata abin da ya fito daga wandon Issaka ba zai shiga nawa ba.

Sai na fara neman wani abu mai ƙara in an ƙwanƙwasa.

Mma, mahaifiyata, koko da ƙosai take sayarwa a bakin layi tun kafin a haife ni. Duk Nima an san teburin Mma Adiza. Tana da wata 'yar tasar silba da take ɗibar wa mutane sukari da ita, ta ɗiga mata jan fenti uku a gindi, yadda matan zongo ke yi wa kwanukansu don kada su ɓace a gidan biki. Da safen Asabar ɗin nan, bayan ta tashi daga kasuwa ta wanke kaya ta kife, na tsaya ina kallon tasar. Girmanta daidai, zurfinta daidai. Na ce ai aro ne, kafin magariba na wanke ta na mayar, wa zai sani?

Wautata ba ta tsaya nan ba. Sati guda ina yawo ina gayyatar samarin layi su zo su ga yadda ake wasan manya. Sun zo kuwa, wajen mutum goma sha wani abu, kuma babu wanda bai sha kokon Mma da safen ba.

Na shiga banɗakin makaranta na saka tasar, na danne ta da kamfai biyu. Na fito ina tafiya kamar agwagwa. Da aka fitar da Issaka ya miƙo mini bokis, na ɗaga masa hannu na ce, "Riƙe abinka, ina da nawa." Na tsaya gaban Masta na ƙwanƙwasa. Ƙarar ta yi kyau har ya gyaɗa kai ya yaba mini da Turanci, wai ga yaron da ya ɗauki lafiyarsa da muhimmanci.

Mai jifan makarantar da muke karawa da ita wani dogo ne marar fara'a. Jifa na farko ban ma gan shi ba. Na biyu na kai wa iska duka. Na uku ya doki ƙasa ya taso, ya wuce sanda, ya wuce kushin, ya sauka daidai inda aka tanadar masa.

Ƙwal!

Wallahi sai da wasu yara suka waiga suna zaton ƙararrawar tashi ce. Bakin tasar ya cije ni ta ko'ina, na saki sanda na zube a ƙasa ina kiran Mma (ita da na yi wa sata). Masta ya rugo a guje, hankalinsa a tashe, 'yan wasa da 'yan layinmu suka kewaye ni. Ya ce in ciro bokis ɗin ya duba ko ya fashe. Na ce lafiya lau, na ma ji sauƙi. Ya ce in ciro. Na ce a ba ni ruwa tukuna. Ya daka mini tsawa.

Na sa hannu na zaro. Tasa ta fito a loɓe, ɗigon fentinta uku suna kallon sama.

Sai Issaka, da bokis na gaskiya a hannunsa, ya dafe kai ya kurma ihu: "Cale! Tasan sikiri na Mma Adiza ne wannan o! Yau da safe da shi ya zuba mini!"

Wani ya fara tofar da miyau. Alƙalin wasa ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni dai na rufe ido ina roƙon Allah ya sa in suma, bai sa ba.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Mma zaune a kan kujerarta, ta miƙo hannu na ba ta. Ta juya tasar, ta dubi loɓar, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Abin ya lalace?"

Na ce, "Mma, ana iya buga ta ta miƙe."

"Ba tasa nake tambaya ba, sakarai."

Washegari abin ya daina ba da dariya. Mutane suka riƙa zuwa suna cewa, "Mma, ba ni koko, amma kar ka sa sikiri." Wasu suka tsallaka titi wurin wata mai kokon. Har ana raɗe-raɗin wai na daɗe ina aron tasar ina mayarwa. Kwana huɗu Mma na dawowa da rabin tukunya, tana juye wa awakin maƙwabta. Ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Kunya da tausayinta suka hana ni cin abinci.

Rana ta biyar ta ba ni ƙusa da guduma. Ta sa na huda bakin tasar na rataye ta a jikin sandar rumfarta, inda kowa zai gan ta. Ta sayo sabon cokali na sukari, sannan ta tsayar da ni gefe cikin fararen kayana har da kushin ƙafa da ta sa Issaka ya aro. Duk wanda ya zo sai ta nuna ta ce, "Ga tasan can, ya yi ritaya. Ga mai shi nan, ku tambaye shi." Mutane har daga unguwar Maamobi suka riƙa zuwa kallo, kuma wanda ya zo kallo ba ya tafiya bai sha koko ba. Sati biyu na yi a tsaye ina amsa tambayoyin da bai kamata a yi wa ɗan mutum ba.

Tun daga nan na koyi cewa kayan kariya na gaskiya ake sawa, in ƙyama ce ta dame ka akwai sabulu da ruwan zafi. Bokis ɗin Issaka kuwa shekara biyu na yi ina karɓa da hannu biyu.

Tasar ta daɗe a rataye. Ranar sunan ɗana na fari, ana tsaka da yi mini barka, Mma ta fito da ita a nannaɗe cikin ɗankwali, ta ajiye gaban surukaina ta ce, "Ku bar gode masa. Ga wanda ya yi aikin nan."