Kukan da Na Yi a Allon Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa shugaban makarantarmu addu'a ba. Malam Adamu ya rasu bayan gajeriyar jinya, kuma shi ne ya karɓe ni lokacin da aka turo ni Haɗeja koyar da kwamfuta, ban san kowa a garin ba. Da malamai suka shirya taron, aka ce in nuna hotunansa, sannan in yi jawabi a madadinsu.

Hotunan suna cikin tabulet ɗina. Akwai wanda na ɗauke shi a gonarsa ta shinkafa a fadama, akwai na shekarar ambaliya, yana cikin ruwa har gwiwa da buhun yashi a kafaɗa, muna tare wa makaranta ruwa. Matsalar ita ce bakin cajin tabulet ɗin ya yi sako-sako, ko na jona waya kwamfutar tebur ba ta ganinsa. Wani abokin aikina ya ce sai an yi masa rutin, wato a ɓalle makullin da kamfani ya sa masa. Na ƙi, don na san wanda ya gwada haka nasa bai sake tashi ba. Na samo wata manhaja na sa a duka biyun, na haɗa su da intanet ɗin wayata, sai ga duk abin da ke fuskar tabulet ya fito ɓaro-ɓaro a allon kwamfuta. (Ranar har tafiyata ta canza.)

Jawabin ne ya fi tsorata ni. Ina da in'ina idan na ruɗe, don haka ana gobe taron na zauna a tsakar gida cikin singileti, na jingina tabulet da tulu, na ɗauki kaina a bidiyo ina gwajin jawabin. Mai ɗakina tana gefe tana gyaran kifi.

Aka taru a ɗakin kwamfuta. Malamai, wasu iyayen yara, limamin unguwa, da yayan marigayi, Baba Bukar, dattijon masunci da ya taso tun daga Guri. Shi aka ba kujerar gaba, dab da allo. Ina shafa tabulet, hotuna suna wucewa. Da aka zo hoton ambaliya Baba Bukar ya matso, ya ce, "Haka yake tun yana yaro, ba ya iya ganin aiki ya tsaya." Wasu suka fara share ido.

Sai na ƙara shafawa sau ɗaya.

Ga ni nan a allo, da singileti da tumbi, ina cewa, "Malam Adamu uba ne a gare mu," murya tana rawa, ina murza ido da bayan hannu. Na tsaya, na yi gyaran murya, na sake maimaitawa da wani salon. Sannan muryar mai ɗakina ta cika ɗakin: "Baban Khadija, kukan ya yi yawa, rage shi. Sai ka ce kai ka haife shi."

Na danna nan, na danna can, bidiyon ya ƙi tsayawa. Daga ƙarshe na kife tabulet ɗin a cinyata (malamin kwamfuta fa), kamar hakan zai kashe allon da ke gaban mutane. Mataimakin shugaba ne ya miƙa hannu ya zare wayar wuta.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na so in ce wallahi ina ƙaunar mutumin nan, tsoron in'ina ne ya sa ni gwaji, amma aka riga ni magana.

Baba Bukar ya juyo ya dube ni.

"Malam, waccan iyalinka ce?"

"Ita ce, Baba."

"Tana da hankali. To tashi ka faɗi abin da za ka faɗa. Shi ma marigayin ba ya son kuka."

Na miƙe. Duk abin da na haddace ya gudu. Abin da na iya faɗa kawai shi ne ranar da na iso garin nan ba ni da masauki, a shagon ƙofar gidansa na sauka, kuma da hannunsa ya share mini ɗakin. Daga nan kukan gaske ya ƙwace mini, mai majina, marar fasali, wanda ba wanda zai zauna ya gwada irinsa. Baba Bukar ya kamo hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, liman ya fara addu'a.

Allah Ya jiƙan Malam Adamu. Ni dai na koyi cewa na'ura ba ta san sirri ba, abin da ka ba ta shi za ta nuna. Yanzu kafin in jona tabulet da kowane allo sai na duba abin da ke gaba da hoton ƙarshe, kuma ko gwajin gaisuwa zan yi, sai na sa riga.